Fasali a Kan Amanar Mai Shela

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa da wuta da ma'adinai a cikinta, ya sanar da bayinsa kaɗan daga al'amarinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah ya yi mana muwafaka da ni da kai, dalilin wannan fasali wata tambaya ce da ta iske ni har zaure. Wani yaro ne da ya sauke Alƙur'ani a hannuna, sa'an nan mahaifinsa, wani Alhaji mai fataucin hatsi, ya sa shi boko har ya ƙare jami'a. Sai aka yi masa tayin aiki a ɗaya daga hukumomin gwamnati masu binciken ƙasa da abin da ke cikinta na duwatsu da ruwa da makamashi. Ba aikin haƙa ba ne, ba na awo ba ne. Aikinsa shi ne ya zama bakin hukuma: masana su yi bincike, shi kuwa ya ɗauki abin da suka gano ya mayar da shi harshen mutane, ya rubuta sanarwa, ya amsa wa 'yan jarida, ya shiga rediyo. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, Baba ya ce in karɓa, albashi ne mai kyau kuma babu haɗari, tunda magana ce kawai. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya." Na ce masa Alhaji ya yi gaskiya game da albashi, amma cewa magana ce kawai, wannan ba zan bi shi a kai ba. Na ba shi amsa gajeriya a ranar, ga doguwar nan na rubuta domin sauran ɗalibai da 'yan kasuwa, tunda su ne masu sauraron irin wannan mutum, kuma a kan maganarsa suke buɗe rumfa ko su rufe, su kwana a ɗaki ko su fita.

Tun zamanin da, a ƙofar kowane sarki akwai mutum biyu masu ɗaga murya, maroƙi da mai shela. Dukansu a fada suke ci, amma maroƙi fuskarsa tana wajen sarki, burinsa a ji daɗi, mai shela kuwa fuskarsa tana wajen talakawa, burinsa a ji, a gane, a aikata. Idan maroƙi ya ƙara gishiri babu wanda ya cutu, kowa ya san sana'arsa ke nan. Idan mai shela ya ƙara ko ya rage, sai gari ya fita ranar zama ko ya zauna ranar fita. Kakakin hukumar binciken ƙasa mai shela ne, amma kujerarsa tana kusa da ta maroƙi ƙwarai, kuma babu ranar da ba a jawo shi ya koma can.

Ba ƙarya tsagwaronta nake ji wa wannan yaro tsoro ba. Hukuncinta sananne ne, kuma raminta ƙurarre ne. Abin da nake tsoro ya fi ta laushi, shi ne kwantar da hankalin jama'a da magana wadda ta fi ilimin mai faɗinta girma.

Kai ɗalibi, tuna abin da ka karanta tun a ƙananan littattafan fiƙihu, cewa sani hawa-hawa ne. Akwai yaƙini, wanda babu kokwanto tare da shi. Akwai zato mai rinjaye. Akwai shakka, inda gefe biyu suka yi daidai. Akwai wahami, watau gefen da aka rinjaya, mai rauni amma bai mutu ba. Malamai ba su rarrabe waɗannan don ado ba, sai don hukunci yana sākewa da sākewarsu, har a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya tabbata ya yi alwala sa'an nan ya yi shakkar ko ta karye, sai ya sake ta. To ilimin ƙasa mafi yawansa ba yaƙini ba ne. Mai awon girgizar ƙasa yana iya gaya maka wane yanki ne ke kan tsagar dutse, da irin ginin da zai rushe, amma har yau babu masanin da ke iya faɗin rana da sa'ar da za ta auku. Saboda haka amanar da ake ɗora wa kakaki kashi biyu ce: labarin kansa, da matsayin labarin a cikin hawan nan huɗu. Wanda ya isar da na farko ya sauya na biyu, ya yi kamar mai auna hatsi na gaske da mudun da aka yi wa ciko.

Ga abin da ya auku a ƙasar Italiya, domin ka ga ba tatsuniya nake yi maka ba. Akwai wani tsohon birni a tsakanin duwatsu sunansa Lakwila, mai mutane wajen 70,000. Daga ƙarshen shekara ta 2008 har cikin 2009 ta Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1430 ta Hijira, ƙasa ta yi ta motsi a ƙarƙashinsu kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Mutanen garin suna da al'ada da suka gada daga kakanni, domin girgiza ta taɓa rushe garin a 1703: idan ƙasa ta motsa da dare sai a fita waje, a kwana a fili ko cikin mota. A cikin wannan hali sai wani ma'aikaci mai awon wata iska da ke fitowa daga ƙasa ya riƙa cewa shi ya hango babbar girgiza tana tafe, tsoro ya cika gari, hukuma ta kai ƙararsa da laifin tada hankali. Ranar 31 ga Maris gwamnati ta tara kwamitin manyan masana a garin, aka yi zama na kamar sa'a ɗaya. Abin da masanan suka faɗa a cikin ɗaki, kamar yadda takardar zaman ta nuna, shi ne babbar girgiza nan kusa ba abu ne mai rinjaye ba, amma ba za a iya kore ta ba. Ka ga wannan wahami ne a istilahinmu, gefe mai rauni wanda bai mutu ba.

Amma ba wannan jama'a suka ji ba. Abin da suka ji a talabijin hira ce da Bernardo De Bernardinis, mataimakin shugaba a hukumar kare jama'a daga bala'i, wanda iliminsa na injiniyan ruwa ne, ba na girgizar ƙasa ba, kuma an ɗauki hirar tun kafin a zauna. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce babu haɗari, ƙananan girgizar nan ma alheri ne, domin ƙasa tana sauke ƙarfinta a hankali. Har ɗan jarida ya tambaye shi cikin raha ko mutane su zauna su sha kofin giyarsu, ya amsa masa da na'am. Giyar dai al'adarsu ce, ba ita ce mas'alarmu ba a nan. Mas'alarmu ita ce zancen sauke ƙarfi, wanda masana girgiza ba su yarda da shi ba. A ma'auninsu, kowane hawa ɗaya ya fi na ƙasa da shi ƙarfi wajen sau 32, saboda haka girgiza mai lamba 6 ta ninka mai lamba 4 kamar sau 1,000. Kai ɗan kasuwa ka fi kowa gane wannan: wanda ake bi buhu dubu, ya kawo buhu ɗaya yau, rabin buhu gobe, ba a ce ya sauke bashi ba. Abin da ya fi haka ma, yawan ƙananan girgiza yana ƙara yiwuwar babba ne, ko da yiwuwar ta zauna ƙarama.

Daren 5 ga Afrilu ƙasa ta motsa sau biyu da ƙarfin da kowa ya ji. Wasu suka fita kamar yadda suka saba. Wasu gidaje kuwa aka yi shawara, aka tuna abin da aka ji a talabijin, aka koma shimfiɗa. Da ƙarfe 3:32 na dare, wayewar 6 ga Afrilu, girgiza mai lamba 6.3 ta auka wa garin. Mutum 309 suka mutu, a cikinsu har da ɗalibai takwas da gidan kwanan 'yan jami'a ya rufta da su.

Aka kai mutum bakwai gaban shari'a, masana shida da wannan jami'i. A watan Oktoba na 2012 alƙali ya yanke wa kowannensu ɗaurin shekara shida, masana a ƙasashe da yawa suka yi ca, suna cewa ana hukunta mutane don sun kasa sanin gaibu. A watan Nuwamba na 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta sallami masanan shida, ta bar laifi a kan De Bernardinis shi kaɗai, ta mayar da hukuncinsa shekara biyu wadda ba zai zauna gidan yari ba, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 2015. Dubi inda shari'ar ta tsaya, ya kai mai hankali. Masu awo suka fita, mai magana ya saura. Ban ce mutumin nan mugu ne ba, kuma ba harshensa ya rushe gidaje ba, rashin ingancin gini ne ya rushe su. Mai yiwuwa ne har zuciyarsa ya yi imani da abin da ya faɗa, tausayin mutanen da suka yi watanni ba barci ne ya ja shi. Sai dai an miƙa masa wahami, shi kuwa ya miƙa wa jama'a yaƙini.

Malaman hadisi sun riga mu zuwa wannan wuri tun da daɗewa. Sun yi saɓani a kan ruwaya da ma'ana, watau mutum ya isar da zance ba da lafazinsa na asali ba, kuma waɗanda suka halatta sun gindaya sharaɗi: sai ga wanda ya san harshe, ya san abin da ke sauya ma'ana da abin da ba ya sauyawa. Sun kuma nemi abu biyu ga mai ruwaya, adalci da kiyayewa, domin mutumin kirki mai mantuwa ko mai ruɗewa ba a karɓar ruwayarsa, ko da an yarda da addininsa. To kakakin hukuma dukan rayuwarsa ruwaya da ma'ana yake yi, tunda ba zai karanta wa mai sayar da goro lissafin masana ba. Don haka na ce wa yaron nan kyakkyawar niyya ba ta ishe shi ba. Wajibi ne ya zauna gaban masanan hukumarsa kamar yadda ya zauna gabana da allo, har ya san inda iliminsu ya tsaya, domin a nan harshensa zai tsaya.

Idan ka ce: ashe ba a kwantar wa mara lafiya hankali, a ce masa ya ji sauƙi ko da jiki ya yi nauyi? Sai mu ce: na'am, amma wannan majinyaci ne da babu wani aiki da ya rage a hannunsa wanda maganarka za ta hana shi. Mai sauraron shela kuwa yana tsaye ne a bakin ƙofa da ɗansa a kafaɗa, yana jiran kalmarka ya san ko ya fita ko ya koma. Kuma wuraren da malamai suka yi rangwame a kan faɗin abin da ba haka yake ba ƙididdigaggu ne, kamar sulhu tsakanin masu husuma da yaƙi, babu ɓoye haɗari ga wanda haɗarin zai faɗa wa a cikinsu. Ya fi kama da dillalin da ya san aibin doki ya yi shiru. Sai dai mai sayen doki yana da zaɓin mayarwa idan aibi ya bayyana, wanda ya koma shimfiɗa a daren nan kuwa ba shi da wurin da zai mayar da cinikinsa.

Shiru ma ɗan'uwan wannan ne. Lokacin da tashar lantarki ta nukiliya ta fashe a Canobil ranar 26 ga Afrilu 1986, ba a kwashe mutanen garin da ke maƙwabtaka da ita ba sai washegari da rana, kuma Tarayyar Sobiyet ba ta sanar da duniya ba sai daren 28 ga wata, bayan na'urorin ƙasar Suwidin sun riga sun shinshino gubar a iska. Yara suka ci gaba da shan madarar shanun da suka yi kiwo a gurɓatacciyar ciyawa, daga baya dubbai daga cikinsu suka kamu da ciwon daji na maƙogwaro.

Idan kuma ka ce, kuma na san 'yan kasuwa za su ce: to mai shela ya riƙa kururuwa ke nan duk sa'ad da ƙasa ta yi tari, a rufe kasuwa, kaya su lalace, sa'an nan babu abin da ya faru? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan wofintar da ita ba. A 1976, a tsibirin Gwadalup da ke ƙarƙashin Faransa, an kwashe mutum fiye da 70,000 daga gindin wani dutse mai aman wuta, suka yi watanni ba gida ba sana'a, babban aman da ake tsoro bai zo ba, masana kuma suka yi ta jayayya da juna a bainar jama'a. Asara ce ta gaske, kuma wanda aka tayar sau ɗaya a banza da wuya ya tashi a karo na biyu. Amma ka lura, tsoratarwa fiye da ilimi da kwantarwa fiye da ilimi laifi ɗaya ne mai fuska biyu, dukansu sauya matsayin labari ne. Abin da nake kira zuwa gare shi shi ne a faɗi zato da sunan zato, a faɗi abin da zai sa a ɗaga shi ko a sauke shi, a bar wa mutum hankalinsa ya yi shawara.

An taɓa yin haka, kuma ya yi amfani. A ƙasar Filifin akwai dutsen Pinatubo, wanda ya yi barci wajen shekara 500, har mutane suka manta dutsen wuta ne. A farkon Afrilu na 1991 ya fara huci. Hukumar binciken duwatsun wuta ta ƙasar, ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, tare da masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ba su ce wa kowa sun san ranar ba. Sai suka tsara gargaɗi hawa biyar, kowane hawa da ma'anarsa a fili: wannan yana nufin aman yana iya zuwa cikin mako biyu, wancan yana nufin cikin yini da kwana. Da suka ga hakimai da sojoji da talakawa ba su taɓa ganin abin da ake tsoratar da su a kai ba, sai suka riƙa yawo da wani fim na Maurice Krafft, masani Bafaranshe, mai nuna yadda toka mai zafi ke gangarowa ta cinye gari. Shi wannan Krafft da matarsa Katia irin wannan toka ce ta kashe su a Japan ranar 3 ga Yuni na shekarar, kwana 12 kafin aikinsa ya ceci wasu. Aka yi ta ɗaga hawan gargaɗi, ana faɗaɗa da'irar kwashe mutane daga kilomita 10 zuwa 20 zuwa 30. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi aman da yake cikin mafi girma a ƙarnin nan da ya wuce. Ɗaruruwa sun mutu, da yawansu saboda guguwa ta zo a ranar, ruwa ya jiƙa toka ta yi nauyi ta rufta da rufin gidaje. Amma hukumar Amurka ta ƙiyasta an tsirar da rai 5,000 ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya: makonnin da suka yi suna bayani ƙauye-ƙauye su ne suka sa aka gaskata su ranar da suka ce a tashi.

Yaron nan ba a Italiya zai yi aiki ba, ba a Filifin ba. Ƙasarmu Allah ya sauƙaƙa mata girgiza da aman wuta, amma tana da nata. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, fiye da 400, kuma sababin shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, alhali yana cike da dalma. Cewa dalma guba ce, masana sun san wannan tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai kai wannan sani tsakar gidan da Hausa, kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura. Kuma da aka zo, an tarar da wata wahala: mutanen da suka sami abinci a zinariya bayan noma ya gaza musu suna tsoron idan suka faɗi gaskiya za a hana su haƙa. Sanarwa da Turanci a jaridar birni ba ta warware wannan. Sai mutum mai harshen mutanen, wanda zai zauna da mai gari da liman da matan gida, ya ce musu ga abin da muka tabbata, ga abin da muke zato, ku fitar da niƙa bayan gari, ku wanke jiki ku sake tufafi kafin ku ɗauki yaro. A nan na ga aikin nan yana iya zama daga mafi lada a cikin ayyukan albashi.

Don haka na ce masa ya karɓa, bisa sharaɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gaskiya ne, hukuma tana da haƙƙi a kansa: kada ya fitar da abin da bai nuna ba, kada ya riga masana magana, kada ya tona sirrin da ba ya cutar da kowa. Amma albashin nan daga baitulmali yake fitowa, watau daga aljihun masu sauraro, su ne kuturun da ya ci ladansu. Na ce masa ranar da shugabansa zai ce ya rubuta babu haɗari alhali masana sun ce haɗari kaɗan ne, ya roƙe shi da ladabi a bar kalmar yadda take, idan ya ƙi ya nemi a sa sunan wani a takardar, idan aka tilasta shi ya tuna rumfar mahaifinsa tana nan. Na kuma ce ya fara ajiye wani abu daga albashin wata na farko, domin wanda ba shi da abincin wata uku a gida harshensa ba nasa ba ne.

Bayan ya kama aiki da 'yan watanni, gab da damina, sai ya kira ni a waya. An ba shi gargaɗin ambaliya ya mayar Hausa don rediyo, masana sun rubuta yiwuwarta da lissafin kashi cikin ɗari, shi kuwa ya rasa yadda zai faɗa wa manomin fadama. Ya ce idan ya ce ruwa zai zo ya yi ƙari, idan ya ce wataƙila kowa zai yi biris, tunda wataƙila ba ta tayar da mutum daga gonarsa. Muka daɗe muna juya ta. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ya ce zaton masana mai rinjaye shi ne ruwa zai hau, ba su tabbata ba, amma da su ne ke da hatsi a bakin kogi da sun ɗauke shi. Sa'an nan ya ambaci sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya, da watan da ake tsoro, da ranar da zai dawo ya faɗi abin da awo na gaba ya nuna.